Mataki na Tara

Shugabar hukumar gudanarwar jaridarmu, shugaban ƙungiyar 'yan jarida, likitar da ta yi shekara uku tana hawa benen gidan marigayi da jakarta, yayansa wanda yanzu shi ne uba a gidan, maiɗakinsa da mu a ofis muke kira Anti, 'yarsa tilo, abokan aiki na ɗakin labarai da na ɗakin buga jarida, maƙwabta da 'yan uwa, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

An ba ni minti goma sha biyar. Shekara talatin ina edita, ina datse wa mutane rubutu. Yau za a ga ko zan iya datse nawa.

A aikinmu akwai ƙa'ida. Idan jarida ta buga abin da ba daidai ba, sai ta buga gyara, kuma a inda idon mutane zai kai. Shekara ɗaya da wata huɗu da suka wuce na faɗi wata magana a ƙofar wani zauren taro, a gaban jama'a, ga wata yarinya sanye da rigar kammala karatu. Maganar ba gaskiya ba ce. Yarinyar tana zaune a layin gaba yanzu, kuma tun ranar take ɗauke da zaton cewa mahaifinta bai ko gwada zuwa wajenta ba. Zan kai ga gyaran. Amma sai na fara da mutumin.

Tsaya-Haka muke ce masa. Ba a sha wahalar nemo laƙabin ba. Duk inda ya shiga da kyamara a wuya, abin da ke fara fitowa daga bakinsa ke nan. Ya faɗa wa 'yan makaranta, ya faɗa wa masu zanga-zanga, ya taɓa faɗa wa shugabar hukumarmu tana tsakiyar jawabi, kuma ta tsaya. Direbanmu ya rantse ya ji shi yana faɗa wa akuya.

Ya kasance mai tsayar da kowa, shi kuwa ba ya tsayawa. Bibbiyu yake tsallake matakan benen ofis. Shayinsa kullum a kan tebur yake hucewa, don kafin ya kai kofi baki an kira shi wani wuri. Shekarar da ruwa ya ci unguwar bayan tashar jirgi, ya shiga ruwa har ƙirji, kyamara bisa kai, ya ɗauko mana hoton wata ungozoma tana ratsa ambaliya da jakarta a ka, za ta karɓi haihuwa. Muka buga a shafin farko. Bayan wata takwas aka gina gada a wurin. Ba mu ce hoton ne ya gina ta ba, domin ba ma buga abin da ba mu tabbatar ba. Amma har gobe mutanen unguwar da laƙabinsa suke kiran gadar.

Wata ranar Talata ya dawo daga aiki da zazzaɓi. Bayan mako guda zazzaɓin ya tafi, ƙarfinsa kuma ya bi shi. Aka auna jini, lafiya lau. Aka auna zuciya, lafiya lau. Sai da aka yi wata bakwai ana yawo da shi kafin likitar da ke tare da mu yau ta faɗi sunan abin: ciwon gajiya mai ɗorewa. Ta yi mini bayani, na rubuta a littafina kamar yadda nake rubuta kowane labari. Gajiya ce da barci ba ya maganinta. Haske yana damun mai ita, ƙara tana damunsa, tunaninsa kan yi hazo. Idan ya yi abin da ya fi ƙarfinsa yau, jiki ba ya cewa komai sai gobe ko jibi, sannan ya kayar da shi kwanaki.

Muka ba shi hutun jinya na wata uku. Muka ƙara uku. Muka ƙara shida. Hutun ya kai shekara uku da wata bakwai, har ciwon ƙirji na kwana biyar ya zo ya zama ajalinsa.

Ya kasance mai haƙuri da mu, kuma mun ba shi abin yi wa haƙuri. Mai karaya ana ganin ɗaurinsa. Shi kuwa in ka shiga ɗakin sai ka tarar da mutum cikakke, fuska ba rama, yana murmushi. Direbanmu ya je gaishe shi ya ce, "Oga, wannan hutu naka ai ko mai kamfanin bai samu irinsa ba, har ka yi haske." Ya yi dariya ya ce, "Zo mu yi musanya, in ba ka gadon har da matashin kai." Yayansa, wanda ya ce in faɗi wannan da yawunsa, yakan tsaya a kansa ya ce, "Kai, tashi ka watsa ruwa ka sha iska, kwanciyar ce ke ƙara maka." Ni kuwa, duk bayan 'yan watanni takardar ƙarin hutunsa kan zo tebur ɗina, kuma na san sau nawa biro ya tsaya mini a sama kafin in sa hannu. Shakka ce. Na yi ta, ina kuma faɗa a gaban iyalinsa.

Shekarar farko ta ba shi wuya ƙwarai. Ya sa aka kulle kyamarar a durowa. Na je wata rana na same shi ya juya wa ƙofa baya, wayarsa a gefen kunne. Ya ce, "Edita, ba ciwon ne ke cin raina ba. Wayar nan ce da ta daina ƙara." Na yi ta kallon takalmansa a jere a bakin ƙofa, ƙura ta fara hawa kansu.

Anti ce ta yi dabarar da ba ta zo wa kowa ba. Ta kira maƙwabci suka ja gadon zuwa jikin taga, ta buɗe durowar, ta ajiye masa kyamarar a kan ƙirji, ta ce, "Ban ce ka tashi ba. Titi ne dai ga shi nan, ba mai ɗaukarsa." Ta fita ta ja ƙofa.

Duk wanda ya shiga ɗakin nan bayan haka ya san yadda yake. Labule mai ruwan toka, an bar masa tsaga kamar faɗin tafin hannu. Ta nan wani siririn haske yake shigowa da safe, ya sauka a jikin ƙofa, ya yi ta rarrafe a bango, ya ratsa kalanda, ya hau kan kujera, da yamma ya ɓace a bayan madubi. Ya daina duba agogo. Yakan ce, "Ka makara, Edita, haske ya wuce kalanda." Ƙarar titi tana hawowa a hankali kamar daga ƙarƙashin ruwa. In ka zauna minti goma sai ka ji muryarka ta sauka da kanta.

Ya ba ni labarin wani mafarki da yake yawan yi da rana. Wai yana cikin tsohon ɗakin wankin hoto na ofis, wanda muka rufe tun da daɗewa, jar fitila na ci. Ya tsoma farar takarda a ruwan wanki, ya tsaya yana jira. Sai titi ya fara fitowa daga cikin farin, rufin gidaje tukuna, sannan itatuwa, sannan mutane suna tafiya ba sauti. Ya ce a mafarkin ba ya jin nauyin jikinsa ko kaɗan. Ya ce, "Shekara ashirin ina bin hoto da gudu. Ashe in ka zauna, shi ma yana zuwa. Sai dai ba ya sauri."

Ya kasance mai tsari ko a kwance. Ya gwada ya gane cewa ƙarfinsa na safe ya isa ya ɗaga kyamara sau ɗaya. Hoto ɗaya a rana, ba ƙari. Sai ya zaɓi lokaci, ƙarfe bakwai da minti ashirin, lokacin da 'yarsa ke fita daga ƙofar bene za ta kwaleji. Uwata yake ce mata. Duk ƙarshen wata Anti kan kai a wanke, shi kuma ya rubuta kwanan wata da bayani a bayan kowanne da fensir, domin a wajensa hoton da ba bayani bai cika ba. Na ƙirga su a makon jiya. Ɗari uku da goma sha ɗaya ne, kuma duk bayanta ne. Ga ta da laima. Ga ta tana gudu ta makara. Ga ta ta tsaya tana gyara igiyar jaka. A bayan wani ya rubuta, "Uwata ta yi fushi da mamanta, ga tafiyar nan ta nuna."

Sauran ƙarfin yinin kuma yakan adana shi don rabin awa guda da yamma. Kafin ta dawo sai ya sa a zaunar da shi a kujera, ya taje kai, ya tarbe ta da tsokana: "Uwata, yau wa kika kayar a jarrabawa?" Tana fita daga ɗakin sai a kwantar da shi kamar an zare masa ƙashi. 'Yata, uban da kika riƙa gani a rabin awar nan shi ne mafi ƙarfinsa na yini. Ba laifinki ba ne da kika zaci haka yake wuni. Haka ya so ki zata.

Yanzu ga gyaran.

Ranar bikin kammala karatunki, ke da mamanki kun yi gaba tun da safe. Ni aka bari in ɗauko shi a mota. Kwana tara ya yi yana shiri. Bai karɓi baƙo ba, bai yi waya ba, ko hoton safe bai ɗauka ba, yana tara ƙarfi. Da na iso na tura ƙofar ƙasa, sai na ɗaga kai na gan shi zaune a kan matakala. Ya yi wanka, ya sa kayan da yake zuwa manyan taruka da su, ya goge takalma da hannunsa, kyamara a wuya. Matakan benen gidanku ashirin da biyu ne. Yana kan na tara daga sama. Leɓɓansa sun yi fari, gumi ya jiƙe masa wuya.

Na ce, "Bari in goya ka zuwa mota."

Ya ce, "Ka goya ni, a kai mata ni zauren kamar buhu, ranar tata ta koma ranar jinyata? Tsaya haka, Edita." Ya ɗaga kyamarar da kyar, ya ɗauki hoto ɗaya, ya sauke.

Sannan ya ce, "An ba ta aiki a wani gari mai nisa, jibi za ta tafi. In ta san abin da ya faru a nan, za ta kwance jaka ta zauna tana auna mini numfashi. Ka ce mata ba na jin fita."

Na ce, "Za ta ji haushinka."

Ya ce, "Gara haka. In haushi take ji za ta iya tafiya, in tausayi ne ba za ta iya ba. Ka riƙe maganar sai ranar da faɗinta ba zai hana ta zuwa ko'ina ba."

Na tallabe shi muka koma sama. Mataki tara, mun yi kusan rabin awa. Sannan na zo zauren, kika fito da gudu kina leƙen bayana, na ce miki, "Babanki ya ce ki yi haƙuri, yau ba ya jin fita." Na ga abin da ya sauka a fuskarki. Ranar tafiyarki jikin ya riga ya kayar da shi, ko ido ba ya iya buɗewa, kika yi masa sallama daga bakin ƙofa kina zaton fushi yake yi. Mako uku ya yi a haka. Mamanki ta sani, ita ma ya ɗaure ta da alƙawari.

Da ya farfaɗo, ya koma ɗaukar hoton safe, ƙarfe bakwai da minti ashirin, wuri ɗaya, ba kowa a ciki. Wani lokaci mage ce ke wucewa, wani lokaci inuwar mai keke. Bai fasa ba sai kwana biyar kafin rasuwarsa.

Shekaran jiya kin tambaye ni a bakin ƙofa, murya ƙasa ƙasa: "Kawu, ko takalmi ya sa ranar?" Na ce ki bari sai yau, domin a gaban mutane na yi kuskuren. Ya sa, 'yata. Ga ambulan ɗin da ya ba ni ajiya. A ciki akwai hoton da ya ɗauka a zaune: gwiwoyinsa, takalman nan biyu suna sheƙi, matakai goma sha uku suna gangarawa, can ƙasa ƙofa a buɗe cike da haske. Kyamarar ta nuna ƙarfe tara da minti arba'in. A bayansa da fensir ya rubuta, "Hanyar zuwa wajen Uwata. Iya nan na kai."

Zo ki karɓa. Naki ne.

Anti, mun gode da gadon da kika ja zuwa taga. Likita, mun gode da kika yarda da shi lokacin da mu muke shakka. Yaya, gida yana hannunka. Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo.

Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya yafe mana abin da muka zata game da shi. Allah Ya sanyaya zuciyar 'yarsa, Ya ba maiɗakinsa juriya. Waɗanda ke kwance a ɗakuna irin nasa, ana ganinsu kamar masu lafiya, Allah Ya haɗa su da masu yarda da su. Shi kuma da ya yi shekara uku da wata bakwai yana kwance bai huta ba, Allah Ya ba shi hutun da ke kawar da gajiya. Amin.