Maganar Aro

A ɗakin jira na wani asibiti a Ontariyo ta ƙasar Kanada na ji wani dattijo yana tambayar wata mata.

"Baiwar Allah, wa kike jinya?"

"Mijina. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Sai baitocin da ya haddace a ƙungiyar wasan kwaikwayon garinmu."

"Ai dukkanmu aro muke. Da yawan karin maganarmu ta Turanci daga wasannin kwaikwayon ƙarni na sha shida ta fito."

"Jiya ya riƙe hannuna, ya ce ni ce hasken ransa."

"Madalla! Sauƙi ya samu."

"Ina fa! Baiti ne. Shekaru ina cikin 'yan kallo yana rera shi ga matan wasu a kan dandamali."

"To, me kika ce masa?"

"Amsar da suke ba shi. Ita ma na haddace."