Dawar da Kaji Suka Ƙi

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, ya aiki, ya iyali? Ni ne Sule, manomi daga Utai ta ƙasar Wudil.

Bana da aikin gine-gine ya buɗe a Kano, na tafi leburanci ban gyara jinkar rumbuna ba. Ruwan farko ya shiga. Da na dawo na tarar dawar ta yi baƙi, tana warin fumfuna. Ba ta ciyuwa a tuwo, sai na ce ai dabba ba ta san bambanci ba. Na zuba wa tunkiyar matata Ladi, tunkiya mai ciki wadda marigayiya mahaifiyarta ta bar mata.

Ladi ta ce, "Maigida, ko kaji sun ƙi ta fa." Na ce ta ƙyale ni.

Kwana huɗu tunkiya ta daina tuƙa, ta yi ɓari, ta mutu. Malamin dabbobi ya ce dusa mai tsabta ta fi rumbu guda na irin wannan dawar.

Na sayo wa Ladi wata tunkiyar, amma igiyar tsohuwar tana ɗakinta, ta ƙi ɗaura wa sabuwar. Jama'a, yaya zan yi?