Dalma Ba Ta Ƙara

Shugaban taro, Sarkin Maƙeran Kpakungu, dattawanmu da suka taso daga Bida, masunta da suka baro Zungeru tun da safe, ƴanʼuwana masu zubin dalma, Assalamu alaikum.

Ina gode wa ƙungiyarmu da ta ɗora mini duba dalma shekara goma cif, tun daga 1999. An ce ni Ndayako in yi magana a kan abin da ke ɓata tukunyar narka dalma, to ga shi yadda na same shi wurin maigidana, marigayi Baba Ndatsu.

Na farko, ruwa. Dalmar da ta narke ba ta ga maciji da ruwa. Ɗigo ɗaya a ludayi, ko dalmar tsohon batir da ba ta bushe ba, sai ta yi tsartuwa ta nemi ido. Baba kan gasa ludayi da mazubi kafin ya gaisa da kowa.

Na biyu, datti. In ya taso, a jefa guntun kyandir, a juya, a kwashe, a kuma tsaya inda iska ba ta kawo hayaƙi.

Na uku, wanda ya kawo ni nan, tutiya. Kamarta ɗaya da dalma, amma in ta shiga tukunya sai komai ya yi gudaji kamar kunun da ba a dama ba. A zamanin Baba ba mu da naʼura, kunne muke da shi. Kowane guntu sai ya sake shi a kan dutse. Ya ce: "Yaro, saurara. Dalma ba ta ƙara. In ka ji ta yi waƙa, baƙuwa ce." Wallahi ina kewar wancan zamani, ina kewar zaman rumfar Baba, mu goma, kowa ya yi tsit yana sauraron dutse.

Jamaʼa, watan jiya Malam Kudu, ga shi can zaune, ya ba ni aikin dalmar da ake ɗaura wa birgi, wato ragarsa ta kamun kifi. Na saki kowane guntu, na ji shiru, na zuba. Tukunya guda ta lalace, mutumin nan ya yi mako biyu bai shiga ruwa ba. Na ɗora wa gawayi laifi, na ɗora wa masu gwangwan da ke sayar mana da dalma. Ashe tutiyar ta yi waƙarta, ni ne ban ji ba. Uwargida Kafayatu ta daɗe tana cewa ba na jin magana. Na ɗauka ƙorafi ne, ashe labari take ba ni.

Malam Kudu, ka yafe mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: daga yau na ajiye duba dalma, a ba mai kunne.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Allah ya tsare mana idanu da ƙirji, ya cika birgin masunta, ya mai da kowa gida lafiya. In za ku ce amin, don Allah ku ɗaga hannu in gani.

Na gode.