Hular da Ba a Son Gamawa

A ɗakin jira na asibiti, wani tela ya zura wa matar da ke gefensa ido, tana warware hular da take saƙawa.

"Baiwar Allah, ai ba kuskure a layin nan. Me ya sa kike warwarewa?"

"Saura kaɗan in gama."

"To ki gama mana! Ni aiki ba ya kwana a shagona."

"Ta maigidana ce. Likitoci sun ce mu jira mu gani. In na gama yau, gobe me zan yi da hannuwana?"

Telan ya dubi ƙofar ɗakin da aka kwantar da 'yarsa, sannan ya dubi nasa hannuwan.

"Kawo zaren in nannaɗe miki," in ji shi. "Ja a hankali."