Yadda Na Sauke Rawanin Sarkin Barci

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, tare da dukkan masu sauraro.

A sanar da Garwa da kewayenta, a shaida wa masuntan Binuwai: ni, Malam Sali, na yi tafiya a mota tun daga Garwa har Injamena ban runtsa ba.

Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ce ta shirya yawon buɗe ido zuwa Chadi. Dokarmu kuwa, wanda ya fara barci a hanya shi ne Sarkin Barci, shi zai riƙa ɗaukar butocin jama'a har a dawo. Rawanin nan ya daɗe a kaina. Tun a tasha Alhaji Bappa, maƙwabcina a kasuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, butocinka suna gaisuwa."

Da direba ya tsaya a Figil, sai na sayo wa Alhaji fura da nono mai kauri, kwano cike. Ya ce, "Useko, na gode, Sali, ashe kana da kirki." Ni kuwa na kama taunar goro, na zuba wa duwatsu da gonakin auduga ido. Kafin mu isa Marwa, kan Alhaji ya sauka a kafaɗata, minsharinsa ya danne ƙarar inji. Na haye gadar Kuseri a zaune kamar alƙali, shi kuma ya taka ƙasar Chadi rungume da butoci.

Ina gaida sabon Sarki. Sai dai kotun zuciyata ta zauna kan batun furar nan, ta ci ni tarar goro biyu, in kai masa har shago. Ɗaya ma na riga na gutsura.