Ƙoƙon Farko na Baban Rifkatu

'Yan'uwa, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Saratu. Ni ba mai tsayawa gaban jama'a ba ce, amma yau bakina ya ƙi yin shiru.

Kun san maigidana, Baban Rifkatu, mai tuƙa tasi. Abin da yawancinku ba ku sani ba, gidanmu na Landover ya taɓa zama gidan burkutu. A Amurka fa! Dawa zai saya a shagon kayan gida, ya jiƙa, ya baza a bahon wanka har ta tsira. Ni da zan tafi aiki, sai in nemi wurin wanka in rasa. Ranar Asabar kuwa mazan garinmu su cika falo.

Da idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, likita ya ce hanta ce, in bai bari ba in fara shirin zaman takaba. Na yi kuka, na yi faɗa. Ya ce ai shi ya daina sha, ɗanɗanawa kawai yake yi. Kun san al'adarmu, mai giya ba ya miƙa ƙoƙo sai ya fara kurɓa, don baƙo ya san ba a sa masa komai ba. To baƙo nawa, ƙoƙo nawa? Kafin a watse ya fi kowa buguwa, wai shi mai kiyaye al'ada.

Na gaji, na ce wa Ubangiji ni bakina ya ƙare, ya nemo wanda mutumin nan zai ji.

Wata Lahadi bayan sujada yana kwance yana kallon wani tsohon wasan barkwanci na Turawan ƙauye. Wani tsoho ne ke dafa giya a bayan gari yana ɓuya wa ɗan sanda. Maigida na ta dariya har da tari. Can mai saye ya zo, tsohon ya ɗaga tulu ya fara kurɓa kafin ya miƙa, hannunsa na rawa, giya na zuba a gemunsa. Mutanen cikin talabijin suka bushe da dariya. Maigida kuwa ya tashi zaune ya ƙura wa tsohon ido.

Na leƙo daga kicin, sai na ga hawaye a fuskarsa.

"Saratu, Baba ne," in ji shi. "Haka hannunsa ke yi. Mu ma dariya muka yi ta yi masa har cikinsa ya kumbura ya mutu."

Mutumin da Fasto ya yi wa magana, likita ya yi, ni na yi, sai ga wani tsohon Bature da bai san da mu ba ya shiga zuciyarsa! Wane ne zai iya wannan in ba Allah ba?

Da kansa ya durƙusa ya ce in yi masa addu'a. Ban ma san me na faɗa ba, sunan Yesu kawai nake kira. Muna tashi ya kinkimi tukwanen burkutun ya juye a masai.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da ya bar giyar ya sha wuya. Ya yi makyarkyata, ya yi amai, har asibiti muka kwana. Amma zuwanmu na baya-bayan nan likita ya daɗe yana duba sakamakon, sannan ya ce hantar ta fara farfaɗowa.

Na gode wa Yesu. 'Yar'uwa, in naki bakin ya gaji, kada ki fid da rai, Ubangiji bai rasa ɗan aike ba. Baban Rifkatu, tashi su gan ka da ranka.