Mai Keken da Ya Rage a Baya

A Magama, dab da shingen iyaka, an jingina kekuna a jikin wata tsohuwar bas marar taya da aka mayar gidan abinci. Mahayan duk sun shige cin dambun zogale, ban da jagoransu Sadisu, wanda ya tsaya yana leƙen hanyar Katsina. Wani dattijo a kan benci ya dube shi.

"Samari, tun daga Katsina a keke, cikin zafin bazarar nan? Don dambu kawai?"

"Don dambu, Baba. Ba ka ga wani dogo a keke ya wuce ba? Ƙanena ne, Zunnuraini."

"Babu mai wucewa ta nan ban gan shi ba. Kira shi mana."

"Wayar ba ta shiga. Ya roƙe ni in rage gudu, na ce ya daina raki." Sadisu ya sake leƙen hanya. "Inna ba ta ma san mun bar gari ba."

"Zauna. Ni ma da farko a tsaye nake yini."

"Wani kake jira?"

"Ɗana Manu. Ya tafi kai gero kasuwa tun bara, aka tare motarsu."

Can sai dattijon ya miƙe zumbur, ya kare rana da tafin hannu. Daga nesa wani na tafe yana tura keke.

Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya koma ya zauna a hankali.

"Naka ne," ya ce. "Je ka tarye shi."